Gandun da ba shi da gayauna

A wani ƙauye tsakanin Gumel da Maigatari akwai dattijon da kowa ke kira Baba Ƙarami. Ya haura sittin, gemu ya yi fari fat, jikoki sun cika masa tsakar gida, amma har gobe shi ne ƙarami, domin akwai babba: wansa, Sarkin Kiɗan garin. Duk wanda ya taɓa halartar gayya ko biki a wannan yanki ya san muryar Baba Ƙarami ko da bai san fuskarsa ba. Ita ce siririyar nan da ke hayewa sama in 'yan amshi sun karɓa, ta tsaya can kamar shirwa, sai sauran sun sauka sannan ta biyo baya. Ita mata ke kwaikwayo a bakin turmi. Amma ka tambayi kowace a cikinsu waƙar wa take rerawa, za ta ce maka ta Sarkin Kiɗa ce.

Ban ɗauko zancensa don a tausaya masa ba. Ba ya so, kuma in ka gwada za ka sha habaici irin nasu, wanda sai ka isa gida ka kwanta sannan ka gane da kai ake. Na ɗauko shi ne saboda ta kansa na fahimci dalilin da ya sa ƙungiyar waƙa ta 'yan gida ɗaya ta fi kowace daɗin saurare, kuma ta fi kowace wuyar zama a ciki.

Wanda ya tashi a karkara ya san gandu. Uba da 'ya'yansa maza, har masu aure, gona ɗaya suke nomawa, rumbu ɗaya ake zubawa. Maigida ke da ikon rumbun, shi kuma ke da nauyin ci da sha, da sadakin auren fari, da ragon suna. Sai dai gandu na da ƙofofi biyu na shan iska. Akwai gayauna, ɗan yankin da saurayi ke zuwa bayan an tashi daga aikin gandu, ya shuka riɗi ko gyaɗa, abin da ya samu nasa ne ba mai bin ba'asi. Akwai kuma igiya: ranar da uba ya kwanta dama, in zaman ya ƙi, a kira malamai da mai unguwa a auna gona, kowa ya san iyakarsa. Gidan kiɗa gandu ne sak, amma ba shi da ko ɗaya daga cikin ƙofofin nan.

Baba Ƙarami yana ɗan shekara bakwai aka rataya masa kazagi a wuya. Ba wanda ya tambaye shi ko yana so, kamar yadda ba a tambayar ɗan maƙeri kafin a ɗora shi a kan zugazugi. Mahaifinsu makaɗin noma ne, da ganga yake bin manoma a kunya yana zuga su, yaron kuma na biye da shi cikin raɓa da ƙaya. Da murya ta fara fitowa aka ce ya riƙa karɓa. Ya ce min ba a taɓa zaunar da shi an ce ga yadda ake yi ba. In ya shigo da wuri, harara. In ya makara, ranƙwashi bayan an tashi. A haka kunne ya buɗe.

A nan amfanin 'yan gida yake, kuma ba ƙaramin amfani ba ne. Amshi iri-iri ne. Akwai wanda jagora ke zuba ɗiyan waƙa, wato baitocinta, shi kaɗai, 'yan amshi su riƙa dawo da gindinta kawai, wato layin da ake maimaitawa, kamar yadda aka san marigayi Mamman Shata da makaɗan kalangunsa. Wannan ko baƙo mai kunne zai iya shigarsa ba da daɗewa ba. Akwai kuma irin na makaɗan fada, wanda aka fi sanin marigayi Musa Ɗanƙwairo da shi, inda jagora ke ɗauko magana ya sake ta a tsakiya, 'yan amshi su cafe su ƙarasa, wani lokaci ma su ƙara da nasu. Masu nazarin waƙar baka, irin su Farfesa Sa'idu Muhammad Gusau na Jami'ar Bayero, sun daɗe da rarrabe waɗannan salo, suna maganar amshi da karɓi da ƙari. Irin na biyun nan ba a koyonsa a wata uku. Sai ka san inda numfashin jagoranka ke ƙarewa, ka san in ya karkata hula me zai biyo baya. Wa zai san haka in ba wanda kuka kwana a tabarma ɗaya ba? Ga karin harshe iri ɗaya, ga maƙogwaro da ya yi kama, sai muryoyin su haɗe har ka kasa gane ina ta wane ta tsaya. Bayan haka akwai wani amfanin da ba a cika faɗa ba: ɗan gida ba ya cewa a biya shi kafin ya fita, kuma in an kwana uku a hanya ba a samu komai ba, ba zai tattara ya gudu ba.

Akwai abin da na gani da idona a wani biki, shekarun baya. Sarkin Kiɗa na tsakiyar wasa wani attajirin fatake, mai kai shanu kasuwar Maigatari ranar Alhamis, ya jero sunan uban, ya zo kan kaka sai abin ya ɓace masa. Mu da ke gefe ba mu lura ba. Sai dai na ga ya ja wasali ya ɗan daɗe, ya waiga hagu kaɗan. Kafin ƙiftawar ido Baba Ƙarami ya sako sunan kakan a cikin amshi, har da garin da ya taso da laƙabin da abokan wasansa ke kiransa da shi, wan kuma ya ɗora a kai kamar dama haka aka shirya. Attajirin nan ya miƙe tsaye, idonsa ya kawo ruwa, ya ce a kamo rago. Sanƙira ya ɗaga murya ya sanar wa duniya cewa wane ɗan wane ya ba Sarkin Kiɗa rago. Ragon a gidan Sarkin Kiɗa ya kwana.

Daga baya na gane wannan ba tsautsayin dare ɗaya ba ne, aikinsa ke nan a ƙungiyar. Shi ne rumbun salsala. Ya san wanda ba a ambatar sunan mahaifiyarsa, ya san gidajen da ke gaba tun rikicin wata fadama, ya san wanda in aka haɗa sunansa da na ɗan'ubansa a ɗan waƙa ɗaya zai tashi ya bar wurin. Da dare, in ana ƙulla sabuwar waƙa a zaure, sau da yawa daga bakinsa gindin ke fitowa, wan ya juya shi, ya gyara, ya ɗora. To waƙar ta wa ce? A al'adance ba a ma yin tambayar. Ta wanda ya buɗe baki da ita a gaban jama'a ce. Haka ma gidajen rediyo suka saba mana tun zamanin faifai da kaset: Alhaji wane da jama'arsa. A cikin kalmar jama'a aka binne ƙanne da 'ya'ya da 'ya'yan 'yan'uwa, masu shekara talatin da arba'in a bayan jagora, waɗanda ko masu sha'awar waƙoƙin ba za su iya kawo sunan biyu a cikinsu ba.

Sai maganar rabo, inda gizo ke saƙa. A gidansu, kamar yadda na sha gani ina yaro, in an dawo sai a shiga zaure a ja ƙyaure, a zazzage aljihu da jaka a kan tabarma. Yara su zauna miƙar da takardun kuɗin da gumi ya jiƙa, ana ware kowace da 'yar'uwarta. A fara cire kuɗin mota, da na fatar ganga, da sadaka, da ɗan abin goron tsohuwa. Abin da ya rage jagora ya ɗauki kaso mafi tsoka, saura a bi girma da girma har a zo kan mai kazagi, wanda wani lokaci kuɗin ƙosai kawai yake tashi da shi. Manyan kyaututtuka kuwa, riga, dabba, keke, daga baya babur, ba sa shiga tabarma. Na jagora ne, in ya ga dama ya miƙa wa wani tsohuwar rigarsa.

Wanda ya ji wannan daga nesa zai yi saurin cewa kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi. Ni ban yarda da hakan kai tsaye ba. Lokacin da mahaifinsu ke raye, tsarin yana da ma'ana, don kason da tsoho ya ɗauka ba nisa yake yi ba. Shi ya yi wa Baba Ƙarami auren fari, shi ya yanka ragon sunan ɗansa na farko, damman geron da manoma ke aiko wa makaɗinsu da kaka a rumbun kowa da kowa ake zuba su. Ruwa ne da ke hawa sama ya dawo ƙasa. Matsalar na farawa ne ranar da wa ya zauna a mazaunin uba. Ƙa'idar rabo ba ta sauya ko da kwabo ba, amma hanyar da kuɗin ke bi ta sauya, domin wa yana da nasa 'ya'yan, kuma dole su ya fara dubawa. Kason da a da yake komawa kan ƙane, yanzu kan ɗan wa yake komawa. Ba sai an samu azzalumi ba kafin a fara jin ciwo. Mutumin kirki ma, in ya bi al'adar yadda ya gaje ta, ƙanensa zai tsufa ba shi da ko tunkiya da sunan sana'ar.

Mutanen gari kan ɗora wa mata laifin rabuwar irin waɗannan gidaje, a ce su ke zuga. Wannan rashin adalci ne. Mace ce ke ɗora tukunya, don haka ita ke fara ganin mudun da aka auno mata bai kai na ɗakin can ba. Ba ita ta ƙirƙiro lissafin ba, ita ce dai ba ta da kunyar wa da za ta hana ta faɗa. In kuma aka yi rashin sa'a wa da ƙane ba ɗaki ɗaya suka fito ba, sai tsohon 'yan'ubanci ya samu bangon da ya tsage. (Su matan gidan kiɗa nasu labarin daban ne. Yayar su Baba Ƙarami, in ji tsofaffi, ta fi su duka murya, amma tun da aka kai ta ɗaki ba a sake jinta ba sai a kiɗan ƙwarya cikin gida, tsakanin mata 'yan'uwanta. Irin su marigayiya Barmani Choge da suka fito fili suka yi suna da amada ƙalilan ne.)

To me ya hana Baba Ƙarami warewa? Na taɓa yi masa tambayar, ya dube ni kamar na ce ya kwashe rijiya ya koma da ita wani gari. Ya ce, “Ɗana, in fita da me?”

Tambayar ta fi amsar da nake jira nauyi. Ganga ba matsala ba ce, ana sassaƙa wata. Waƙoƙi suna kansa. Amma dukiyar gidan kiɗa ta gaskiya iyayen gida ne, wato gidajen da tun kaka da kakanni aka san wannan gida ke yi musu kiɗa: gidan Sarkin Noma, gidan dagaci, gidajen fatake. Wannan alaƙa ba ta shiga rabon gado. Malami zai iya fitar da tumunin matan mamaci, ya ba namiji rabon mata biyu a gona da awaki, amma ba ya iya cewa gidan Sarkin Noma na wane ne, gidan dagaci na wane. Su iyayen gidan ke zaɓa, kuma kusan kullum inda rawani yake nan suke bi, don ba wanda ke son a ce shi ya raba 'yan'uwa. Ko suna a ƙauyen maƙwabta Baba Ƙarami ya je shi kaɗai ya rera, kafin ya dawo labari ya riga shi gida cewa ya yi wa wansa tawaye, tun da muryar sananniya ce, waƙoƙin na gida ne, mai sunan kuma ba ya rasa alaƙa da wani ubangidan wansa. Wannan nake nufi da rashin gayauna.

In ka duba waɗanda suka yi fice, za ka ga kowanne da hanyar da ya kuɓuta. Shata bai gaji kiɗa ba, haye ya yi, mahaifinsa ma bai so ba. Ya sha wahalar hakan, amma ba wan da ke gabansa da zai jira, har ya rasu a 1999 sunansa shi kaɗai ake kira. Ɗanmaraya Jos da kuntiginsa shi kaɗai yake tafe, ba ɗan amshi ballantana rabo. Ɗanƙwairo ne ya fi kama da Baba Ƙarami: ɗan gado ne, ya yi wa mahaifinsa amshi, ya kuma zauna a bayan wansa Kurna a Maradun. Ko laƙabin nasa, kamar yadda ake faɗa, daga wani mai zaƙin murya a ƙungiyar mahaifinsa ya samo shi. Abin da ya fito da sunansa ƙasa baki ɗaya shi ne zamansa makaɗin Sardauna Ahmadu Bello. Wato bai tsaga tsohuwar gona ba, sabon daji aka ba shi ya sare, kuma har rasuwarsa a 1991 shi ma da 'yan gidansa yake tafiya a bayansa. Ƙane nawa ne ke samun irin wannan sa'a?

Kada ma a ɗauka abin na Bahaushe ne kawai. 'Yan gidan Jackson na garin Gary a Amurka, waɗanda Michael ya fito daga cikinsu, ubansu ne ya tara su yana horarwa tun suna ƙanana. A 1975 da suka yanke shawarar barin kamfanin Motown, sai suka tarar sunan da duniya ta san su da shi, Jackson 5, mallakar kamfanin ne, dole suka koma amsa The Jacksons. Ɗaya daga cikinsu, Jermaine, wanda ke auren 'yar mai kamfanin, ya zaɓi ya tsaya, aka sa ƙanensu Randy a gurbinsa. Can takarda da lauya, nan rawani da kunya, amma ƙullin ɗaya ne: murya ta mutum ce, suna kuwa na wani wuri ne daban, kuma surukuta da zumunci ba sa barin a yi lissafi a fili.

Abin da ya girgiza gidan su Baba Ƙarami a 'yan shekarun nan ba faɗa ba ne, waya ce. A da, komai rashin daidaiton rabo, kowa ya san abin da ya shigo. Kari a bainar jama'a ake yin sa, sanƙira ya faɗa da ƙarfi, mai kazagi ma yana lissafi a zuci. A farkon 2023, lokacin da sauyin fasalin naira ya sa takardar kuɗi ta yi wuyar gani, biki ya koma na tiransifa. Dama dokar Babban Banki ta 2007 ta haramta liƙi da watsa naira, ko da yake a ƙauye ba wanda ya damu da ita. Ƙarancin kuɗin ne ya yi abin da doka ta kasa. Sai aka fara rubuta lambar asusu a kwali ana ɗagawa. Asusun wa? Sarkin Kiɗa bai iya karatun boko ba, don haka babban ɗansa ne ya buɗe, wayar kuma a aljihunsa take. Kuɗi ya dawo hannun mutane daga baya, amma manyan masu kyauta sun riga sun saba. Yanzu ƙananan takardu ne ke isa tabarma, mai tsokar kuwa ƙara ɗaya take yi a cikin aljihun yaro, shi ke faɗin nawa ne. Ban ce yana ɓoyewa ba. Na ce dai ba mai iya sanin ko yana yi, kuma kawu ba zai buɗi baki ya ce wa ɗan wansa nuna min in gani ba.

Ita ma kasuwar ta ragu. Gayya ta ja baya tun da aikin ƙwadago da garmar shanu da maganin feshi suka samu wuri, ba kasafai ake tara majiya ƙarfi arba'in a gona ɗaya ana neman mai zuga su ba. Biki kuma samari sun fi son a ɗauko mai na'ura ya sa waƙoƙin sutudiyo. A sutudiyon Kano mutum ɗaya da fiyano da kwamfuta ya isa, in ana son amshi a kira yarinya guda a biya ta a sallame ta, ko a ninka muryar mawaƙin a kan kanta. Ba wanda ke buƙatar ƙanen da ya san numfashinsa. Wani ɗan Baba Ƙarami ya bi wannan hanyar, yana yi wa amare da 'yan siyasa waƙa da sunan kansa, yana sakawa a TikTok. Shi ne mutum na farko a zuriyar da ya yi gayauna, kuma ya iya yin ta ne don iyayen gidansa ba su san kakansa ba. Na saurari wasu daga cikin waƙoƙin. Muryar uban ce, ba ko tantama, sai dai na'ura ta goge ta har ta yi santsi, kuma ba wanda ke ƙarasa masa magana.

Yanzu Sarkin Kiɗa jiki ya yi nauyi, ba ya iya tsayuwar dare. Magana ba ta fito fili ba, amma kowa a garin na juya ta: in ta Allah ta kasance, wa za a naɗa? Al'ada na iya ba ƙane, tana kuma iya ba ɗa. Ɗan na riƙe da asusu da lambobin iyayen gida na wannan zamani. Kawun na riƙe da waƙoƙin da salsalar da in babu su lambobin ba su da amfani. Dagaci bai ce komai ba, kuma ban ga alamar yana ɗokin cewa ba.

Zuwana na ƙarshe, bayan an gama yankan gero, na tarar da Baba Ƙarami a gindin dalbejiya yana sauya wa babbar gangar mahaifinsu fata. Aikin na mutum biyu ne, ɗaya ya danne ɗaya ya ja. Ya aika a kira ɗan wan nasa. Yaron ya zo da waya a hannu, ya durƙusa ya ce, “Baba, ga ni.” Ya ce masa, “Ajiye wannan abar, kama nan.” Suna ja yana yi masa bitar gidan wani Sarkin Noma da za su je wa biki a satin: sunan uba, sunan kaka, da sunan da ko da wasa ba a kira a gidan. Yaron ya ce bari ya ɗauka a waya kada ya manta. Tsohon ya ce a'a, ya maimaita da baki. Ya maimaita, ya tsallake kakan. Aka sake daga farko.